Muryar Baba da Na Ɗauko a Agege

Tun da na dawo daga Legas ba ku bar ni na huta ba. Ilu yana so ya san ko da gaske ne an shimfiɗa gada a kan teku, Malam Habu yana tambayar farashin shadda a can, kai har mai shayin bakin shagona sai da ya ce in ba shi labarin abincin Yarbawa. Kullum amsata ɗaya ce, "Lafiya lau," in sunkuyar da kai in ci gaba da taka keken ɗinkina. To, ba lafiya lau ba ne. Na gaji da ƙarya, kuma bakina ba zai iya faɗar wannan magana a majalisa ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Yawancinku kun san mahaifina, Allah ya ji ƙansa, da farin gemu da carbi, a sahun gaba. Kaɗan ne suka san cewa da ƙuruciyarsa makaɗin gurmi ne, har ya taɓa bin fataken goro zuwa Ikko, wato Legas, inda wani kamfani ya ɗauki waƙarsa a faifan garmaho. Ƙaramin faifai ne, waƙa ɗaya a kowane gefe. Ya dawo Maraɗi da guda biyar a jaka. Lokacin Inna tana ƙauye gidan iyayenta tana wankan jegona. Da ya je ganin jariri, abin da ya ce mata daga bakin ƙofa kawai shi ne, "Na sa ki a faifai." Kunya ta hana ta tambaya. Ba su da injin kunnawa, ita kuma ba macen da za ta ce a je a aro ba ce. Shekaru suka tafi, Baba ya je Makka ya dawo, ya tuba da kiɗa, ya fasa gurminsa, ya jefa faya-fayan nan biyar a murhu. Ina da wayo lokacin, har yau ina tuna warin.

Kun san irin auren mutanen da. Shekara arba'in da wani abu suna tare, ban taɓa jin ya kira sunanta ba. "Ke," ko "Kina ciki?" Ni kuma ɗan fari ne, ba ta kama sunana, balle ni in kama nata. In na haɗu da mai irin sunan, Hajiya nake ce mata in wuce.

Bana, bayan mun dawo da ita daga likita, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, kunne kaɗai ya rage garau, sai ta sa aka kira ni.

"Kai," ta ce, "wannan abu na Ikko, ko akwai wanda ya tsira?"

Na ce ban sani ba.

Sai ta ce, "So nake in ji yadda yake faɗarsa. Sau ɗaya."

Na fita na yi ta neman lamba har na samu ta Hajiya Rabi, 'yar Kawu Mamman. Kawu Mamman shi ne ɗan amshin Baba, wanda ya bi shi Ikko bai dawo ba, ya zauna a Agege ya zama ɗan kasuwar goro har ya rasu. Hajiya ta ce, "Ah-ah, akwatin babana na nan a sito, cike da faya-fayai. Zo ka ɗauka, Yaya, ba wahala." Sani mai gyaran rediyo ya tono wani tsohon inji a ƙarƙashin tarkacensa, ya kwana uku yana fama da shi har ya juya. Na rufe shago na kama hanya.

A kan iyaka aka sauke mu duka, aka bi mu ɗaya bayan ɗaya. Wani mai kaki ya juya takardata ya ce me zan je yi Legas da wannan shekaru nawa, ko dako? Ni da wauta sai na faɗi gaskiya, na ce muryar ubana zan nemo. Ya kira abokinsa ya ce zo ka ji wani. Suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce in na samo in biyo in kunna musu. Daga Jibiya zuwa Katsina na daina ƙirga inda aka tsayar da mu. A Kano na shiga doguwar mota, irin mai hawa kamar bene, aka ba ni kujera kusa da wani ɗan kasuwar albasa mai zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, wanda ya ɗora kansa a kafaɗata tun daga Zariya bai ɗauke ba sai Lakwaja. Da ya farka ya ce mini shi ba ya iya barci a mota. A hanya wani mai tallar magani ya shigo ya rantse ƙwayarsa ɗaya tana maganin basir da mantuwa da mugun mafarki. Na saya, don mantuwar. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, haka na sauka Legas da takalmi a hannu.

Hajiya ta ce in shiga danfo, wata ƙaramar mota ruwan ɗorawa, in sauka a Agege. Abin da ba ta gaya mini ba, a can direba ba ya tsayawa sai ka yi ihu. A gida ka san direba, ya san ubanka, ya san inda za ka sauka. Na zauna da ladabi ina jira a ce mini an iso, har muka kai Abule Egba, ɗan kamasho ya dube ni ya yi wata magana da hannu da baki wadda ban ji ba amma na gane. Wani ɗan kabu-kabu, wanda su suke ce wa okada, ya ji ina salati ya ce, "Baba, daga Nijar ko?" Ɗan Tasawa ne. Shi ya mayar da ni, ya ƙi karɓar ko sisi.

Agege kuwa, in ka rufe ido ka ce Kano kake. Hausa ta ko'ina, kiran salla ta ko'ina, warin ganyen goro da tsire. In ka buɗe ido sai ka ga layin dogo ya ratsa kasuwa, mutane sun baza kaya a kansa, jirgi na tahowa su janye, ya wuce su mayar, ba wanda ko gabansa ya faɗi. Hajiya Rabi ta tarbe ni da murna. Mace ce mai jiki da murya, haihuwar nan, ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Tana yi mini Hausa, ta juya ta zazzaga wa maƙwabciyarta Yarbanci, ta dawo kaina ba tare da ta ja numfashi ba. Gidan dogon lungu ne, ɗakuna suna kallon juna, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Aka ba ni ɗakin ɗanta da ke makaranta. Zafin can ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona ka ya bar ka a bushe, nasu jiƙa ka yake yi, ka yi wanka ka fito kana neman wani wankan.

Aka kawo mini wani baƙin tuwo mai santsi da koriyar miya. Na yi ta kallonsa. Hajiya ta ce, "Ci mana, Yaya, amala ce da ewedu." Na kai loma, ashe ewedun nan lalo ne, lalon da ke fitowa a bayan gidanmu ba mai kula shi. Sai dai barkonon da suka zuba, Allah ya isa. Na ci ina hawaye, tana dariya tana cewa 'yan Faransa, wato mu mutanen Nijar, ba su da ƙarfi.

Ban iya jira ba, na ce a nuna mini akwatin. Ta ɗauko mabuɗi muka zagaya baya. Tana tura ƙofar siton na ga fuskarta ta canza. An share ɗakin tas, an yi masa fenti, buhunan garin wani ɗan haya ne jibge a ciki. Ta kira mijinta, Alhaji Tanko, a waya, ina tsaye ina jin rabin maganar. Wata huɗu da suka wuce ya ba da siton haya, ya kira 'yan jari bola suka kwashe tarkacen da ke ciki. Ya ce shi bai san da wani abu mai amfani ba, tsofaffin robobi ne da kyankyasai. Hajiya ta zauna a kan buhu ta ce, "Wallahi Yaya ban duba ba. Na ɗauka yana nan." Na ji kumburin ƙafata ya hau har ƙirji.

Kwana uku muna bin 'yan jari bola. Yaran Arewa ne, 'yan ci-rani, suna tura kura suna tsintar ƙarfe da roba, suna kwana a bakin layin dogo ƙarƙashin leda. Wannan ya ce ba shi ba ne, wancan ya ce wanda ya kwashe ya koma gida noma. A rana ta uku muka samu wani Sule, magidanci ɗan wajen Gumel, ya ce shi ne. Ya ce akwatin ƙarfe ya sayar a kilo. Faya-fayan kuwa, rabi sun manne da juna don ruwa ya taɓa shiga, waɗannan ya zubar. Sauran ya kai wa wani mutum a Ogba.

"Akwai wani mahaukaci can," in ji Sule, "Bahaushe ne ma. Shi ba ya son sabon abu, sai wanda ya mutu. Duk muna kai masa."

Mahaukacin nan sunansa Kabiru. Ba zai wuce talatin da biyar ba, da tabarau da ɗan gemu, kakansa Bakano ne amma shi Hausarsa sai ka yi haƙuri da ita. Shagonsa a saman bene yake, da na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ba don mutane ba, don faya-fayai. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Bango huɗu, daga ƙasa har sama, faya-fayai a tsaye kamar littattafan malami. Ya ce ba a kwantar da su, ba a ɗora wani kan wani. Ranar Asabar ce da rana, samari da 'yan mata kusan goma suna zaune a kan kujeru, kowa da waya mai tsada a aljihu, amma sun yi tsit sun rufe ido suna sauraren wani tsohon kiɗa da ke fita da ƙara kamar ana suyar ƙosai. A garinmu da irin faifan nan mata ke rufe tulu, yara su soka masa kara su gara. Nan kuwa Kabiru ba ya taɓa shi sai ta gefe, da tafin hannu biyu, kamar mai ɗaukar jariri. Ya ce abin ya dawo yayi, har daga Turai ake kiransa ana neman na Hausa da na Yarbawa, waɗanda kakanni suka zubar.

Da baƙinsa suka watse na gaya masa abin da ya kawo ni. Na rubuta masa sunan Baba a takarda. Ya ce kayan Sule suna cikin kwali bai ma wanke su ba tukuna, aiki ya yi masa yawa. Muka durƙusa muna ɗagawa ɗaya bayan ɗaya. Na Indiya, na Larabawa, na wasu mutane masu gashi kamar kwando. Can wajen ƙasa sai ga wani ƙarami cikin yagaggen kwali, da hoton wani siririn saurayi ya karkata hula yana rungume da gurmi yana dariya. Na daɗe ina kallo kafin na gane kunnuwan. Irin nawa ne.

Kabiru ya wanke shi da wani ruwa na musamman da burushi mai laushi, ya bar shi ya sha iska, ya ɗora a inji, ya sauke allura a hankali.

Jama'a, ni ban san Baba yana da wannan murya ba. Na san muryar da ke tashe mu asuba, mai kauri, mai faɗa. Wannan ta yaro ce, siririya, tana wasa da gurmin kamar suna tsokanar juna, Kawu Mamman na amsawa daga baya. Gefen farko waƙar fataken goro ce. Da aka juya, sai ya fara ba da labarin hanya, garin da suka kwana, kogin da suka haye. A tsakiya ya sassauta kiɗan, ya kira sunan Inna. Ya kira shi sau uku, yana jan ƙarshensa, na ukun har da 'yar dariya a ciki. Ya ce ya baro ta da tsohon ciki, duk mai tafiya Arewa ya gaishe ta, ya ce mata yana tafe. Tsohon cikin nan ni ne. Na zauna a ƙasan shagon mutumin da ban sani ba na yi kuka kamar an yi mini mutuwa yau.

Kabiru ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Baba, wannan ba na sayarwa ba ne. Kai wa Mama. Amma abeg, ba ni minti goma in zuba shi a kwamfuta, in tura maka a waya. Faifai roba ne, yana mutuwa."

Nan ne na yi abin da ya hana ni barci har yau. Na tuna warin murhun nan. Na ce a raina, mai waƙar da kansa ya ƙone nasa don kada a ci gaba da rubuta masa zunubi. In ta shiga waya, gobe tana Kano, jibi tana gidan rawa a Turai, duk wanda ya girgiza kafaɗa a kai wa tsoho zunubin a kabarinsa. Niyyata Inna ta ji sau ɗaya, in fasa shi da hannuna, magana ta ƙare. Na ce masa a'a.

"Ba zan ba kowa ba, wallahi," in ji shi. "Kai kaɗai. In ka isa gida lafiya ka kira ni in goge."

"A'a."

"To ɗauka da wayarka, kai da kanka. In sake kunnawa yanzu."

Da na yi shiru na tafi, da da sauƙi. Amma kun san bakina. Na ce masa ku 'yan Legas ba abin da ba ku sayarwa, har muryar matacce. Na faɗa wa mutumin da ya ba ni kyautar abin da Bature zai saya da tsada. Bai yi fushi ba, ya dai cire tabarau ya goge. Ya sa faifan a sabuwar riga ta takarda, ya haɗa shi da kwali biyu masu kauri, ya ɗaure. Ya rako ni har ƙasa yana cewa, "Oya, Baba, abu biyu kawai. Kada a danne shi, kada rana ta gan shi." Na ce na ji.

Alhaji Tanko, don ya wanke laifinsa, ya samo mini gaban wani kamiyon goro, babbar motar kaya mai zuwa Katsina. Ya ce ya fi doguwar mota, ba turereniya, ba mai taka mini kaya. Direban, Malam Buba, dattijo ne mai natsuwa, ba ya kunna komai a mota sai karatu. Na naɗe faifan da rawanina a kan kwalayen, na rungume shi a ƙirji. Haka muka wuce Ibadan, muka wuce Ilori, ko fitsari zan yi da shi nake sauka. Ina ta ƙiyasta fuskar Inna. Har na fara tunanin wace tabarma za a shimfiɗa, da wa za a kora daga ɗakin don kada ta ji kunya.

Bayan mun haye gadar Jabba, kafin Mokwa, da hantsi, muka tarar da layi. Wata tirela ta faɗi ta gicciye hanya, motoci sun yi dogon jeri ba a ganin ƙarshensa. Malam Buba ya kashe mota ya ce yau sai yadda Allah ya yi. Kowa ya sauka ya shige ƙarƙashin motarsa neman inuwa. Na tsaya da ƙunshina ina rarraba ido. Ƙarƙashin mota akwai baƙin mai da ƙasa da mutane suna tattakawa. A kan kujera wani zai iya hawa ya zauna. A ƙasan kujera kuwa wurin ƙafa ne da takalma, ni ba zan ajiye muryar ubana a wurin takalma ba.

Malam Buba ya lura. Ya ce, "Malam Lawali, ɗora shi nan sama gaban gilashi, inda nake ajiye Alƙur'anina. Duk motar nan ba wurin da ya kai nan daraja."

Maganar ta yi mini daɗi. Na tuna gargaɗin Kabiru, na ce ai rana ba za ta gan shi ba, ga takarda, ga kwali biyu, ga rawani ninki huɗu. Na ɗora shi, na gyara masa zama. Muka ɗaga gilasai muka kulle ƙofofi saboda ɓarayi. Muka shige ƙarƙashin mota, muka sayi soyayyar doya wurin matan da suka fito daga ƙauye, muka yi azahar a kan kwali. Ina ta ba direbobi labarin Baba, ina alfahari, har wani ya ce in Allah ya kai mu Katsina sai ya bi ni Maraɗi ya ji. Tun hantsi har bayan la'asar muna nan.

Da hanya ta buɗe, Malam Buba ya buɗe ƙofa, wani zafi ya bugo mu kamar an buɗe gidan burodi. Na kai hannu kan rawanin na janye da sauri. Tun kafin in kwance na sha jinin jikina, don ƙunshin ya yi tudu a tsakiya. Faifan ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya tashi, ɗaya ya nutse, kamar fatar akuya da aka shanya aka manta. Malam Buba ya yi ta salati yana cewa laifinsa ne. Ba laifinsa ba ne. Shi littafi ya saba ajiyewa a wurin, littafi kuwa ba ruwansa da zafi.

Na kira Kabiru. Ya ce in ɗauki hoto in tura, wani direba ya taimake ni. Ya daɗe bai kira ba. Da ya kira, abin da ya fara cewa shi ne, "Ah, Baba." Ya ce in lanƙwasa kaɗan ce ana iya danne ta tsakanin gilasai a hankali, amma wannan layukan da muryar ke ciki su ma sun narke sun tattare. Na ce ko akwai wani a wani wuri. Ya ce shekara goma yana wannan harka, shi kaɗai ya taɓa gani, amma zai sa ido. Bai ce ai na gaya maka ba. Da ya faɗa, da na fi jin sauƙi.

Sauran hanyar ba ni da abin faɗa a kanta. A kan iyaka mai kakin nan ya gane ni, ya ce, "Mai murya! An samo?" Na ce an samo.

Na isa gida da rana tsaka. Ban ko wanke ƙafa ba Inna ta ji muryata ta ce a shigo da ni. Sani ya riga ya kawo injin tun jiya, an ajiye shi a kan tabarma an rufe da zane. Ya kwance ƙunshin, ya dube ni, na kawar da kai. Ya ce bari dai a gwada. Ya ɗora, ya sauke allura. Faifan na juyawa yana hawa yana sauka, allurar ta yi tsalle, wani sauti ya fito mai ja kamar kukan saniya daga nesa, sannan ta zame ta faɗo gefe. Ya sake, haka. Ya ɗora tsabar kuɗi a kan allurar don ta yi nauyi, haka. A na huɗu Inna ta ɗaga hannu.

"Bari, Sani. Wannan ba shi ba ne."

Sani ya tattara igiyoyinsa ya fita. Ta miƙo hannu na sa mata faifan, ta bi shi da yatsu, ta shafa tudun, ta shafa kwarin. Na gaya mata komai, har maganar wayar ban ɓoye ba. Ba ta yi faɗa ba.

"Amma kai ka ji?"

"Na ji, Inna."

"Ya faɗa?"

"Ya faɗa. Sau uku."

Ta gyara zama, ta juyo da kunnenta wajena. "To faɗa mini yadda ya faɗa."

Shekarata hamsin da 'yan kai, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Na buɗe baki ya ƙi. Ta jira. Na rufe ido, na nemo muryar yaron nan mai karkatacciyar hula, na ja ƙarshen yadda ya ja, na faɗa. Abin da ya fito muryar tsohon tela ce mai mura, ba kiɗa, ba dariya.

Sannan ta miƙo mini faifan.

"Ba ka iya ba," ta ce. "Tashi ka je ka buɗe shagonka."

Ta juya ta fuskanci bango. Yau kwana ashirin da shida ke nan, tana cin abinci, tana salla a zaune, tana amsa gaisuwa, amma ba ta sake tambayar komai a kan Ikko ba. Ku ma kada ku sake.